Tsaga Shida a Ƙafar Bencin Saja

"Gobe ƙarfe goma za su zo karatun suna. Ki shirya."

Abin da Solomon ya faɗa wa 'yarsa ke nan, bai ko ɗago kai ya dube ta ba. Dinah tana tsaye tana goge madubin wata sif a gaban shago, sai ta ji tsumman ya yi mata nauyi a hannu.

"Baba, ai ban ce na amince ba."

"Kin ce ba ki amince ba?"

Gaskiyarsa ce. Wata biyu ke nan tana ta ja da baya da "sai na yi tunani" da "sai na yi addu'a", har tunanin da addu'ar suka gundure shi.

"Ni ba na yi wa ɗiyata dole," in ji shi. "Amma ki sani, na riga na ba mutane baki. In kina son ki kunyata ni gaban Madam Gladys da ɗanta, ga hili ga ki. Dominic laftana ne. Ubansa da ni bariki ɗaya munka zauna. Mi kike nema kuma?"

Ya san abin da take nema. Abin yana can bayan shago, ana jin ƙarar samfefarsa tana goge katako har nan.

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a ƙasar Zuru ya san Shagon Saja. Kakan Dinah, Saja Gabriel, shi ya kafa shi a shekarar 1971, da ya dawo daga yaƙi da akwatin kayan kafinta da ya koya a soja. A gindin wata bishiyar mangwaro ya fara, da zarto ɗaya da benci ɗaya da ya haɗa da hannunsa. Mangwaron ya daɗe da mutuwa, shagon ya zama ɗaki huɗu da rumfar aiki a baya, amma bencin yana nan bakin ƙofa, kuma a kansa tsohon yake wuni tun da idonsa ya dushe.

Daga Bena, daga Mahuta, daga Wasagu ake zuwa, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, har Fulanin ruga in za su kai amarya gari. Ba don araha ba, Saja bai san wannan kalmar ba. Gadonsa maɗaci ne zalla, ba a buga masa ƙusar ƙarfe ko ɗaya, haƙori ake yanka wa katako ya ciji ɗan'uwansa. Akwai matan da suka haifi 'ya'ya tara a kan gadon Saja, jikokinsu suka yi tsalle a kai, bai ko yi ƙara ba.

Sai kuma al'adar da ta hana Dinah sukuni. Duk gadon aure da aka haɗa a shagon, kafintan da ya yi shi zai sassaƙa sunan ango da amarya a ƙarƙashi, inda ido ba ya gani. Dangi su taru, Saja ya zura hannu ya karanta da yatsunsa, ya ce, "Ya zauna." Daga ranar da aka buɗe shagon zuwa yau, ba a taɓa kankare sunan da ya zauna ba. Mutanen gari ma sun fi tsoron wannan kalmar da takardar rajista.

Kuma don Solomon ya nuna cewa magana ta ƙare, gadon Dominic bai ba kowa haɗawa ba sai Mika, kafintan nan mai samfefa da zuciyar Dinah take wurinsa.

* * *

Ta bari sai da uban ya fita duba katako da la'asar, sannan ta zaga baya.

Gadon yana tsakiyar rumfa, ja wur, yana sheƙi. Ko ita da ta tsane shi sai da ta yarda ba a taɓa yin irinsa a shagon ba. Mika yana durƙushe yana shafa masa man ƙarshe da hannunsa na dama, hannun da injin yankan katako ya cinye wa yatsu biyu shekara takwas da suka wuce. Saboda yatsun nan aka mayar da shi gida ranar ɗaukar soja. A Zuru kuwa, gidan da babu hoton mai kaki a bango, baƙo sai ya ɗauka masu gidan ba su gama jere ba.

"Ka gama?" ta tambaye shi.

"Saura suna."

"Kuma za ka rubuta?"

Ya ci gaba da shafa, kamar katakon ne ya yi tambayar.

"Mika, da kai nike magana! Za ka ɗauki cizal ɗin sassaƙa da hannunka ka rubuta sunana kusa da na wani?"

"Aiki aka ba ni, Dinah."

"Aiki!" Hawayen da ta wuni tana dannewa suka zubo. "Sati uku ina kallonka kana goge gadon nan kamar naka. Ko sau ɗaya ba ka bar zarto ya kauce ba. Da ma ka ɓata shi, da na san abin ya dame ka."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"In na ɓata shi, wa za ta kwanta a kai? Ba ke ba? In dai ba ni ne zan ba ki gida ba, to ki bar ni in ba ki gadon da ba za shi taɓa kayar da ke ba. Iyakar abin da nike da shi ke nan."

Ta zauna a kan wani guntun katako ta rufe fuska. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, kuma sonsa ya fi duka biyun yawa, abin da ya ƙara mata haushi.

"Ka je ka gaya wa Baba zancen gona," ta ce cikin kuka. "Ka ce masa golmo kake yi."

Golmo al'adar mutanensu ce ta da, inda saurayi yake noma wa surukinsa damina bakwai kafin a ba shi mata. Tun Dinah tana ajin ƙarshe na sakandare Mika ya fara zuwa gonar Saja da ke gindin dutse, duk Asabar ɗin damina, ba wanda ya aike shi. Ya yi shuka, ya yi noma, ya yi huɗa, ya girbe dawa ya kawo rumbu. Sai a shekara ta uku ya faɗa mata dalili, yana dariya yana kallon ƙasa. Wannan daminar ce ta bakwai.

"Na gaya mishi," in ji Mika.

Ta sauke hannu. "Yaushe?"

"Ranar da ya ba ni aikin gadon nan."

"Mi ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce wa ya shaida? Ya ce golmo da manya ake zuwa, da abokan noma, da ganga, kowa ya sani. Ya ce ni dai yaron shago ne mai kirki da ke taimakon tsoho, Allah Ya saka mani. Ya ce ban da haka ma, su 'yan coci ne, sun bar wannan tun tuni." Ya koma shafa katakon. "Kuma gaskiya tai. Ba ni da uban da za shi shige mani gaba. Na ɗauka in mutum ya yi aikin, aikin za shi yi magana. Wauta ce na yi, damina bakwai."

"To mu je wurin Kaka."

"Tsohon da bai gani? Ya ɗauka 'yan ƙwadago ke noma mishi. In kai mishi rigima tsakaninshi da ɗanshi, da wanga tsufa? A'a."

"To ni fa? Ni ka bar ni da ita?"

Ƙarar mashin ɗin Solomon ta karyo kwana. Dinah ta miƙe ta share fuska da gefen gyale, ta tsaya bakin rumfa.

"In na ji sunan nan a bakin Kaka gobe," ta ce, "ka sani kai ka ba da ni, ba Baba ba."

* * *

Asabar ta waye da hadari a gabas. Tun ƙarfe tara da rabi motar su Dominic ta tsaya ƙofar shago.

Madam Gladys ta fito da ɗaurin kai mai hawa uku, tana gaishe da mutanen da ba su gaishe ta ba. Dominic yana biye da ita cikin kaftani fari, tsaye kyam, kai ka ce har kaftanin an yi wa fareti. Ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da ya dami Dinah. Da mugu ne, da ta sami abin faɗa.

"Ranki ya daɗe," ya ce mata yana murmushi. "Idonki ya kumbura. Murna ce?"

"Mura ce," ta ce.

An fito da gadon gaban shago, an jera kujeru, maƙwabta sun leƙo. Dinah ta dubi rumfa, ta dubi titi, ta sake duban rumfa. Babu Mika. Rigar aikinsa tana ajiye a rumfa, an ninke ta sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"Ina kafintan?" in ji Madam Gladys. "Ina son in sa mishi albarka. Hannunshi na da kyau, duk da dai..." Ta ɗaga yatsu biyu ta yi 'yar dariya.

"Ya yi sallama da asuba," in ji Solomon. "Wasagu za shi koma wurin danginshi. Ai ya gama aikinshi."

Dinah ta dafa bango. Ba ta san lokacin da kakanta ya kira ta ba sai da ya maimaita.

"Amaryata! Zo ki kama ni mana. Ko don kin samu yaro sabo za ki yar da tsohon miji?"

Mutane suka yi dariya. Ta kama hannunsa, ya tashi daga bencinsa da ƙyar, ta kai shi bakin gadon. Ya shafa kan gadon, ya shafa ƙafafu, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kasa kunne.

"Wanga aiki," ya ce a hankali, "ko ni da ƙuruciyata sai na yi da gaske."

Ya durƙusa. Ya zura hannu ƙarƙashi.

Dinah ta rufe ido. Addu'ar da ta zo bakinta ba ta da kai ba ta da gindi, "Ya Allah, Ya Allah" kawai take maimaitawa.

Wani ya yi tari.

"Dinah," in ji tsohon, yana bin haruffan. Hannunsa ya matsa gaba, ya dawo baya, ya sake matsawa. "Dinah. Shi ke nan. Wurin sunan ango a shafe yake sumul, an goge shi da kyau an bar shi."

Ya jawo wani abu da aka ɗaure da zare a jikin katakon. Cizal ɗin Mika ne, mai ƙotar da ta lotsa daidai wurin yatsu uku.

"Iskancin banza!" Solomon ya daka tsawa. "Miƙo mani cizal ɗin, Baba. Ni ma kafinta ne. Minti biyar in rubuta."

"Kai ka haɗa gadon?"

"Baba, baƙi na jira."

"Na ce kai ka haɗa shi? Shekara hamsin da wani abu, wanda yah haɗa shi ka rubutawa. Ba yau za a canza ba don ɗaurin kallabi ya yi tsawo."

Madam Gladys ta taɓa ɗaurinta, ta sha mur.

"Ɗauko mani bencina," in ji Saja. "Kihe shi."

Solomon ya tsaya yana huci. Dominic ne ya je ya ɗauko, ya kife shi a gaban tsohon. Ƙarƙashin bencin ya yi baƙi don tsufa.

"Solomon, kawo hannunka. Wagga ƙahwa, ƙirga."

Solomon ya shafa ba da son ransa ba. "Tsaga bakwai."

"Damina bakwai da niy yi ina noma wa uban uwarka kahin a ba ni ita. Ran da na haɗa bencin ga na yanka su, don kar in mance abin da ta ci mani. Da ban yi su ba, da ba ka nan tsaye kana yi mani ihu. To, waccan ƙahwa."

Solomon ya kai hannu. Dinah ta ga fuskarsa ta sauya tun kafin ya yi magana. Waɗannan tsagogin sababbi ne, ta ƙarshen ma ba ta gama yin duhu ba.

"Shida," ya ce can ƙasa.

"Kun ɗauka don ido ya tahi kunne ma ya bi shi? Duk shekara dawa na shiga rumbuna, ban biya kowa ba. Na tahi gonar na shafa kunya. Mai yatsa takwas daban yake riƙon galma, huɗarshi na kwantawa gehe ɗaya. Ka ce babu shaida? Ga shaida zaune ƙarƙashina shekara shida."

"Baba, mun bar wannan al'ada..."

"Kai ka bari. Yaron bai bari ba, gonar kuma tawa ce." Ya juya inda yake jin numfashin jikarsa. "Amaryata, ba a tambaye ki ba, ni ina tambaya. Sunan wa kike so a wurin ga?"

Duk ido ya dawo kanta. Ta dubi ubanta, wanda bai taɓa hana ta komai ba sai wannan, ta ga kunyar da ta rufe shi gaban baƙinsa, sai ta ji kamar ta fasa.

"Ka yafe mani, Baba," ta ce tana kuka. "Mika."

Madam Gladys ta tafa hannu ta yi salati irin nasu na coci. Dominic ya sunkuyar da kai yana kallon gadon.

"To ki ji da kyau," in ji Saja, muryarsa babu wasa yanzu. "Shida ne, ba bakwai ba. Ta bakwai sai dawa ta shiga rumbu. Wanda yab bar golmo kahin girbin ƙarshe, ko da kwana ɗaya ne, duk na baya sun zube. Haka munka gada, ba ni iya gyara mishi. In ya bar garin ga, ni da bakina zan ce a ba Solomon cizal."

Solomon ya duba agogonsa. Ya sake dubawa, don kowa ya gani.

"Motar Wasagu ta farko ƙarhe tara take tashi," ya ce.

Sha ɗaya saura kwata.

* * *

Ba ta san yadda ta tare ɗan acaba ba, ba ta san ta bar takalmi ɗaya a ƙofar shago ba. A tasha ta bi mota mota tana leƙawa. Ta farko ta tashi, in ji ɗan kamasho, ta biyu ma ta tashi. Mai yatsa takwas? Ya ɗaga kafaɗa, shi kuɗin mota yake karɓa, ba ya ƙirga yatsun fasinja.

Ta tsaya tsakiyar tasha, yayyafi ya fara sauka. Shi ke nan, ta ce a ranta, ta kunyata ubanta a banza, ta rasa Mika, gobe kuma a rubuta sunan da ba a kankarewa.

Sai ta tuna yau Asabar ce.

"Gindin dutse," ta ce wa ɗan acaban. "Don Allah yi sauri."

Dawar Saja ta kai ƙirji, kore shar. Daga bakin hanya ba a ganin kowa. Ta kutsa ciki ganye yana yankar hannunta, har ta ji sautin da take nema, sautin galma tana shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Yana can ƙarshen gona, ba riga, yana huɗa. Jakarsa ta tafiya tana rataye a reshen ɗorawa.

Ya gan ta, ya tsaya.

"An karanta?" ya ce.

"Mi kake yi nan?"

"Kunya goma sha biyu sunka rage. Na ce ba ni barin wa tsoho aiki rabi. Ina gamawa in bi motar yamma." Ya dubi ƙafarta. "Ina takalminki?"

Ta wuce shi, ta yi ɗage ta sauko da jakar daga reshe, ta ajiye ta a ƙasa cikin laka, ta zauna a kai daram. Sannan ta kwance bakin gyalenta ta fito da cizal ɗinsa, wanda ta karɓe daga hannun kakanta kafin ta taho, ta ɗora a cinya.

"Kaka na ƙirgawa," ta ce, kuka da dariya suna rige-rige a muryarta. "Tun ta farko yake ƙirgawa, a ƙafar bencinshi. Shida. Ya ce in ka taka wajen garin nan kafin girbi, duk sun zube."

Galmar ta suɓuce daga hannunsa. Ruwan sama yana bin fuskarsa, da wanda ba na sama ba.

"Babanki fa?"

Kafin ta ba shi amsa suka ji ta. Ƙarar mashin ce daga bakin hanya, wadda su biyun suka sani tun daga nesa. Ta tsaya. Aka kashe inji. Ganyen dawa ya fara motsi, ana tahowa da sauri.

Mika ya dube ta, ya dubi jakar da ke ƙarƙashinta.

"Kar ka dube ni," in ji Dinah, ba ta tashi daga kan jakar ba. "Ɗauki galmarka. Bari ya iske ka kana noma."